Daular Inka: mulkin da aka riƙe da hanya, rumbu da igiya

Ranar 16 ga watan Nuwamba na shekara ta 1532, da maraice, a wani gari mai suna Kahamarka cikin duwatsun ƙasar Peru ta yanzu, Turawan Ispaniya su 168 suka kama sarkin da ke mulkin mutane wajen miliyon 10. Sun kama shi a tsakiyar dandalin gari, alhali dubun dubatar mayaƙansa suna zaune cikin sansani a bayan gari. Sunan sarkin Atawalpa, daularsa kuwa ita ce duniya ta sani da sunan daular Inka.

Ƴan uwa masu karatu, duk wanda ya ji wannan labari sai ya yi tambaya biyu. Ta farko: yaya mutanen da ba su da rubutu, ba su da kuɗi, ba su san baƙin ƙarfe ba, ba su da doki ko amalanke, suka iya kafa daula mafi girma a nahiyar Amurka kafin zuwan Turawa? Ta biyu: yaya irin wannan daula ta faɗa hannun mutanen da ba su kai 200 ba? Idan aka duba da kyau, amsoshin biyu suna ɗaure da juna.

ƘASAR DA TA MIƘE TSAYE

Duwatsun Andes sun bi gefen yammacin Amurka ta Kudu tun daga arewa har kudu. Daga yamma akwai hamada a bakin tekun Pasifik, daga gabas kuma dajin Amazon. A tsakiya ƙasa ta hau sama sosai, har birnin Kusko, fadar sarakunan Inka, yana bisa tudu mai tsawon metir 3,400. Mutum yana iya barin kwari mai zafi da safe, ya kwana inda ruwa ke daskarewa. Saboda haka kowane hawa da irin amfanin gonarsa: auduga da barkono a ƙasa, masara a tsakiya, dankalin turawa a sama, can ƙoli kuma sai makiyayar lama, wata dabba dangin raƙumi wadda ba ta da tozo, ba a hawanta, kayan da take ɗauka kuma bai wuce kilo 30 ba. Dankalin nan da muke jingina wa Turawa, manoman Andes ne suka fara shuka shi tun shekaru dubbai da suka wuce. Turawa sun ɗauko shi ne kawai suka yaɗa.

Inka ba su ne farkon masu wayewa a wannan yanki ba. Kafin su an yi mutanen Moce, da Naska, da Wari, da Tiwanaku, an yi kuma masarautar Cimu mai babban birnin tubali da ake kira Can Can. Daga wurinsu Inka suka gaji gina hanyoyi, jan ruwa zuwa gonaki, saƙa da ƙira. Su kansu da farko ƙaramar ƙabila ce a kwarin Kusko. Tatsuniyarsu ta ce kakansu Manko Kapak ɗan Rana ne, ya fito daga tabkin Titikaka tare da Mama Oklo, riƙe da sandar zinariya, inda sandar ta nutse cikin ƙasa nan suka kafa gari. Kalmar "Inka" ma asalinta sarki da danginsa take nufi. Ƙasar kuwa suna kiranta Tawantinsuyu, wato sassa huɗu da aka haɗe.

Tarihin da ya fi tatsuniya ƙarfi yana farawa wajen shekara ta 1438. A lokacin wata ƙabila mai suna Canka ta kawo wa Kusko yaƙi. Sarki ya gudu, ɗansa ya tsaya ya kori maharan, ya hau gadon sarauta da sunan Pacakuti, ma'ana mai juya duniya. Shi ya sake gina Kusko, shi ya shimfiɗa tsarin mulki. Ɗansa Tupak Yupanki, wanda ya yi sarauta daga wajen 1471 zuwa 1493, shi ne babban mayaƙi. Da hannunsa aka ci Cimu. Jikan Pacakuti, Wayna Kapak, ya ƙara ƙasa ta wajen arewa. Cikin shekarun da ba su cika 100 ba, daular ta miƙe kimanin kilometir 4,000, daga kudancin Kolombiya ta yanzu, ta ratsa Ekwador, Peru da Bolibiya, ta kai arewacin Ajantina da tsakiyar Shili.

HARAJIN GUMI

Tun da babu kuɗi, ba a karɓar haraji da kuɗi. Abin da hukuma ke karɓa daga talaka shi ne ƙarfinsa. Idan an ci wata ƙasa, sai a raba gonakinta kashi uku: gandun Rana domin hidimar addini, gandun sarki, da gonakin jama'a. Kowace zuri'a, wadda suke kira "aylu", ita ke riƙe da ƙasarta, tana raba wa magidanta gwargwadon bakin da kowa ke ciyarwa. Magidanci kuma dole ya ba da wasu kwanaki cikin shekara yana yi wa hukuma aiki: noman gandun sarki, ginin hanya, haƙar ma'adini, dako ko yaƙi. Wannan aiki sunansa "mit'a", wato kamu ko zagaye, domin bi da bi ake yin sa. Mata kuma ana ba su gashin dabba ko auduga daga ma'ajin sarki su saƙa tufafi.

Mit'a ta ɗan yi kama da gayya ta fuska ɗaya: wanda ya kira aiki shi ke ciyarwa. Hukuma ce ke ba ma'aikata abinci, kayan aiki da giyar masara, a kuma yi musu kiɗa da biki. Bambancin shi ne gayyar sarkin Inka ba a ƙin zuwa.

Don kada kowa ya ɓace wa lissafi, an kasa magidanta goma-goma, hamsin-hamsin, ɗari-ɗari, har zuwa dubu goma, kowane rukuni da shugabansa. Sau da yawa ana barin sarakunan gargajiya na ƙasar da aka ci bisa kujerunsu, amma a kwashi ƴaƴansu zuwa Kusko su koyi harshen Kecuwa da al'adun fada. Yaran nan ɗalibai ne, kuma jingina ne.

Gumin nan ne ya sassaƙe fuskokin duwatsu ya mai da su gonaki hawa-hawa kamar matakala, kowace da katangar dutse mai tare ƙasa da magudanar ruwa. Har yau manoma suna noma waɗansunsu. Takin da ake zubawa a gonakin bakin teku kashin tsuntsayen ruwa ne da ake kwasowa daga tsibirai, kuma doka ta hana a kashe tsuntsayen.

Amma abin da ya fi cancanta ma'aikacin hukuma ya tsaya ya duba shi ne rumbunan. Sunansu "kolka". Ana gina su jere-jere a gefen tudu, inda iska mai sanyi ke kaɗawa, da ƙofofin shan iska da hanyar tsiyayar ruwa a ƙarƙashi. A Wanuko Pampa masu binciken kufai sun ƙidaya kusan 500. A kwarin Mantaro sun haura 2,000, kusa da Kocabamba ta Bolibiya kuma wajen 2,400 a wuri guda. Cikinsu akwai masara, busasshen nama mai kama da kilishi da suke kira "carki", tufafi, takalma, makamai, da wani abu mai suna "cunyo". Cunyo dankali ne da ake shanyawa a fili cikin dare har sanyi ya daskarar da shi, da rana a tattake shi da ƙafa ruwansa ya fita, a maimaita kwana da kwanaki har ya bushe ƙayau. Dankalin da ba ya wata nawa sai ya ruɓe, ta haka yana shekaru bai lalace ba.

Gaskiya ita ce an fara gina rumbunan ne domin soja, ma'aikatan mit'a da manyan fada. Sai dai marubutan farko sun ba da labarin cewa idan shekara ta ɓaci ana buɗe su a ba jama'a, a mayar idan damina ta yi kyau. Tsarin ya yi ƙarfi har ya rayu bayan masu shi: a shekara ta 1547, shekara 15 bayan kama Atawalpa, rundunar Ispaniya da ta yi zango a Hauha ta yi makonni tana ci daga rumbunan da mutanen yankin ba su daina cikawa ba.

HANYA DA MASU GUDU

Rumbu ba ya amfani idan ba hanyar kai kaya. Hanyoyin Inka sun kai kilometir 30,000 a lissafin hukumar UNESCO, wadda ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2014. Manyan layuka biyu ne, ɗaya ta bakin teku, ɗaya ta kan duwatsu, ga kuma rassa masu haɗa su. Da yake ƙafar mutum da ta lama kaɗai ke bi, inda dutse ya miƙe sai a sassaƙa matakala, inda kogi ya yanke ƙasa sai a rataya gadar igiya. Bayan kowace tafiyar yini akwai zango, "tambo", da abinci da wurin kwana. Talaka ba ya hawa wannan hanya sai da izni.

Saƙon sarki kuwa samari masu gudu ke kai shi, ana kiransu "caski". Kowane yana da ɗan taƙi kaɗan da zai ruga, ya miƙa wa na gaba saƙo tun bai tsaya ba. Ta haka labari ke cin kilometir wajen 240 a yini ɗaya. Abin da caski ke riƙe da shi a hannu shi ne abu mafi ban mamaki cikin dukan al'amarin Inka.

LISSAFI CIKIN ƘULLI

Sunansa "kipu", ma'ana ƙulli. Igiya ce babba guda, an rataya mata ƙananan zaruruwa na auduga ko gashin dabba, wani lokaci goma, wani lokaci ɗaruruwa, launi iri-iri. A jikin kowane zare an yi ƙulle-ƙulle. A shekara ta 1912 wani Ba'amurke mai suna Leland Locke ya nuna yadda ake karanta lissafin, kuma duk wanda ya koyi gidan ɗaya, gidan goma da gidan ɗari zai gane shi nan take. Idan ana son a rubuta 325, sai a yi ƙulli uku a sama, gidan ɗari ke nan. A bar tazara, a yi ƙulli biyu a gidan goma. Can ƙasa a yi dogon ƙulli mai naɗi biyar. Idan 305 ne, sai a bar gidan goma fayau babu komi, wato sifiri. Akwai ma zaren da ke ɗauke da jimillar sauran, yadda mai duba aiki zai gane in an yi kuskure ko an yi ha'inci.

Ma'aikatan da ke riƙe da wannan ilimi, "kipukamayok", su ne akawuna da ma'ajin daula. Su suka san yawan mutanen kowane gari, wa ya yi mit'a, wa bai yi ba, me ya shiga rumbu, me ya fita. Turawan Ispaniya da kansu sun yarda da lissafinsu. A 1558 da 1561 sarakunan ƙabilar Wanka sun je gaban alƙalai a Lima da igiyoyinsu, aka karanto dukan abin da suka ba sojan Ispaniya tun daga 1533: mutum nawa, lama nawa, masara nawa, har takalma da tukwane.

Shaidun wancan zamani sun ce da kipu ake riƙe sunayen sarakuna, dokoki da labaran yaƙi. A nan ne asarar take. A 1583 taron limaman Kirista a Lima ya yi umurni a ƙone igiyoyin da suka shafi addinin gargajiya, masu karanta na fada kuma suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Kipu da suka rage a gidajen tarihi sun haura 1,000. Mafi yawansu na lissafi ne, ana karanta adadinsu, amma sauran har yanzu masana ba su kwance su ba. Saboda haka kusan duk abin da ake faɗi game da sarakunan Inka, har shekarun sarautarsu da muka kawo a sama, ya biyo ta alƙalamin waɗanda suka ci su da yaƙi, ko na ƴaƴan ƙasa da suka koyi rubutun Turawa. Garsilaso de la Bega, wanda uwarsa jinin sarauta ce, ubansa sojan Ispaniya, ya buga littafinsa a 1609, ya kuwa ƙawata mulkin kakanninsa fiye da kima. Wani kuma, Gwaman Poma, ya gama wata wasiƙa mai shafi kusan 1,200 da zane kusan 400 wajen 1615, yana kai wa sarkin Ispaniya kukan ƴan ƙasa. Sai a 1908 aka gano ta cikin ɗakin littattafan sarki a Kopanhagen, babban birnin Danmak.

ABIN DA TALAKA YA BIYA

Kada yawan rumbu ya rufe mana ido. Mulkin Inka mulkin ƙarfi ne. Ƙabilar da ta yi gardama ana kwashe ta gaba ɗaya a kai ta wata ƙasa mai nisa, a kawo amintattu a zaunar a gurbinta. Ana zaɓen ƴan mata tun suna ƙanana a raba su da iyayensu, a kulle su suna saƙa da dafa giya, sarki ya ba da wadda ya so kyauta. A manyan lokuta ana yin hadaya da yara. A 1999 an sami gawar yara uku a ƙolin dutsen Yuyayyako, kan iyakar Ajantina da Shili, sama da metir 6,700, sanyi ya adana su tamkar masu barci.

Akwai kuma wata al'ada da ta ɗora wa daular kaya mai nauyi. Idan sarki ya mutu ana busar da gawarsa, a ci gaba da yi mata hidima, a fito da ita wurin biki, a nemi shawararta. Fadarsa, gonakinsa da barorinsa suna nan a hannun danginsa da sunan gawar. Magaji sarauta kaɗai yake gada, dukiya sai ya nemo tasa. Masana da dama suna ganin wannan ne ya sa kowane sabon sarki ya fita cin sabuwar ƙasa, ana kuma ɗaukar Macu Picu, garin dutse da aka gina wajen 1450, ɗaya daga cikin gidajen Pacakuti. Gidajen sarakunan da suka shuɗe suka zama ƙungiyoyi masu ƙarfi, masu gaba da juna, kuma babu tabbatacciyar doka a kan wanda zai gaji sarauta.

KAHAMARKA

Wajen 1527 wata annoba, wadda masu tarihi da yawa ke ɗauka agana ce da ta riga Turawa isowa, ta kashe Wayna Kapak tare da ɗan da ake sa ran zai gaje shi. Ƴaƴa biyu suka tashi: Waskar a Kusko, Atawalpa a arewa tare da gogaggun sojan ubansa. Aka yi shekaru ana yaƙin basasa. A 1532 jarumawan Atawalpa suka kama Waskar, suka karkashe iyalinsa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daidai wannan lokaci Faransisko Pizaro ya hau duwatsu da mahaya 62 da dakaru 106, bisa hanyar Inka, yana ci daga rumbunan Inka.

Atawalpa ya san da zuwansu tun daga bakin teku, caski suna kawo masa labari. Ya raina yawansu. Ya shiga dandalin Kahamarka bisa karaga, da dubban fadawa da ba su yi shirin yaƙi ba. Wani limamin Kirista, Balberde, ya miƙa masa littafin addini, ya duba, ya jefar a ƙasa. Sai bindigogi suka tashi, dawaki suka fito daga ɗakunan da aka ɓoye su. Mutanen da ba su taɓa ganin doki ba suka ruɗe. Kafin duhu an kashe aƙalla 2,000, ba a kashe Bature ko ɗaya ba.

Takobin ƙarfe, sulke da doki sun yi aikinsu, amma abin da ya biyo baya tsarin daular ne ya jawo shi. Kowane umurni daga bakin mutum ɗaya yake fitowa, mutumin kuwa yana hannu. Manyan jarumawansa suka tsaya cik da rundunoninsu. Daga cikin kurkuku ya sa aka kashe Waskar. Ya yi alkawarin cika ɗaki mai tsawon kusan metir 7 da faɗin metir 5 da zinariya sau ɗaya, da azurfa sau biyu, hanyoyi da ƴan dako suka kawo fansar ba tare da gardama ba. Da aka narke kayan, zinariya ta kai wajen ton 6, azurfa wajen ton 12. Duk da haka ranar 26 ga Yuli 1533 aka shaƙe shi. Ya yarda a yi masa wankan shiga Kirista ne don kada a ƙone shi, domin a wurin Inka sarkin da gawarsa ta ƙone ya ɓace har abada.

Cikin Nuwamba na wannan shekara Pizaro ya shiga Kusko, kuma ba shi kaɗai ba. Magoya bayan Waskar sun tarbe shi, ƙabilun Wanka, Kanyari da Cacapoya, waɗanda ba su manta da abin da Inka suka yi musu ba, sun ba shi dubban mayaƙa. Manko Inka, wanda Turawa suka naɗa don ya zama ɗan amshin shata, ya gane kurensa ya yi tawaye a 1536, ya kewaye Kusko watanni, bai ci ba, ya janye cikin dajin Bilkabamba. Ƴaƴansa suka riƙe ƴar ƙaramar masarauta a can har 1572, lokacin da aka kama na ƙarshensu, Tupak Amaru, aka sare kansa a dandalin Kusko.

Sababbin masu mulki sun riƙe mit'a, suka yar da ciyarwar da ke tare da ita. Daga shekarun 1570 ana tura maza wajen 13,000 kowace shekara zuwa ramukan azurfa na Potosi, inda da yawa ba su komo ba. Cuta, yaƙi da aikin tilas suka haɗu. Wani ƙiyasi da masana ke yawan kawowa ya ce ƴan ƙasar Peru sun ragu daga wajen miliyon 9 a 1520 zuwa ƙasa da miliyon ɗaya a 1620.

A Kusko, Turawa sun gina majami'ar Santo Domingo bisa harsashin Korikanca, babban ɗakin bautar Rana. Girgizar ƙasa ta 1650 da ta 1950 sun yi wa majami'ar mummunar ɓarna, katangar Inka da ke ƙarƙashinta, wadda aka jera duwatsunta ba da laka ba, ba ta motsa ba. Harshen Kecuwa yana bakin mutane miliyon 8 zuwa 10, kuma Peru ta ba shi matsayin harshen hukuma a 1975. A kan kogin Apurimak kuma akwai gadar Keswacaka, mai tsawon kusan metir 30, wadda aka yi da igiyar ciyawa zalla. Kowane watan Yuni ƙauyuka huɗu suna taruwa, mata su murza ciyawa, maza su tufka manyan igiyoyi, a yanke tsohuwar gada ta faɗa ruwa, a rataya sabuwa cikin kwana uku, rana ta huɗu a yi biki. A 2020 annobar korona ta hana taron, gadar ta tsinke a farkon 2021. Da watan Yuni ya kewayo, kowane gida ya kawo igiyarsa, aka sake saƙa ta.